Idan Mota Ta Mutu Tana Cikin Gudu, Kar A Ɗora Wa Mai Laifi Shi Kaɗai

Duk wanda ya saba bin titin Zariya, daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa tashar Unguwa Uku, ya taɓa ganin irin wannan: mota mai ƙyalli ta tsaya cak a tsakiyar titi, masu a-daidaita-sahu suna ta zuba hon, direba yana murza makulli tana ƙi. Abin da za ka fara ji shi ne, "Alhaji, mai ne, an sha maka gurɓatacce." Ba a rasa dalilin zargin ba, tunda ba a manta man da aka shigo da shi a farkon 2022 ba, wanda sinadarin methanol ya yi wa yawa har ya lalata injina. Amma akwai motocin da tun daga masana'anta suka taho da cutarsu.

A cikin tanki akwai famfon da ke tura fetur zuwa inji. A cikinsa kuma akwai wata 'yar farfela ta roba mai juyawa. Kamfanin Denso na Japan ya ƙera wasu famfunan da robar farfelarsu ba ta yi ƙwari ba. Idan ta daɗe a jiƙe da mai sai ta kumbura, ta fara gogar jikin famfon, wata rana ta ƙi juyawa. Mai ya yanke, inji ya mutu. In a ƙofar gida ne, da sauƙi. In kuwa kana tsakiyar wuce tirela ne a hanyar Kwanar Ɗangora, totur ya daina amsawa, birki kuma bayan taku ɗaya ko biyu ya yi tauri, sai dai Allah Ya kiyaye.

Saboda haka ne Toyota ta fara kiran motocinta a dawo da su gyara a Janairun 2020, kafin ƙarshen shekarar adadin ya haura miliyan 5 a duniya. Akwai Camry, Corolla, Highlander, Sienna da Lexus RX 350, galibi ƙirar 2017 zuwa 2020. Honda ma a Disambar 2023 ta kira kimanin miliyan 2.5 a Amurka, har da Accord, Civic da CR-V. A can kyauta ake sauya famfon.

Matsalarmu a nan take. Wasiƙar kiran tana zuwa ne ga wanda ya yi rajistar motar a Amurka, ba ta biyo ta cikin jirgin ruwa zuwa Legas ko Kwatano. Wata motar an gyara ta kafin a yi gwanjonta, wata kuwa tana nan da famfonta na asali. Dillalin da ya sayar maka ma mai yiwuwa bai sani ba. (Tsofaffin Siyanar haya da ke lodi a tasha yawancinsu sun girmi wannan matsala, nasu ciwon daban ne.)

Ganewa ba ta cin ko sisi, sai 'yar data. Duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko jikin ƙarfen ƙofarsa, za ka ga lambar shasi, haruffa da lambobi 17. Shigar da ita a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka. Idan motar daga can ta fito kuma ba a yi gyaran ba, za a nuna maka. Mai shirin saye ya yi haka kafin ya biya.

In shafin ya nuna ba a yi gyaran ba, ko ka ga wutar inji ta kama a gaban direba, mota tana shaƙewa, tana wahalar tashi, kar ka hau doguwar hanya da ita. Tuntuɓi wakilin kamfanin ka ji ko za su karɓi gyaran. In kai za ka biya, to kar bakanike ya lallaɓa ka da famfon gwanjo don araha. Wanda aka ciro daga mota 'yar shekarun nan zai iya zama ɗan'uwan wanda ya mutu, farfelarsu ɗaya. Ka ce sabo kake so, ka kuma ga kwalinsa da lambarsa kafin a buɗe tanki.