ME SUKE CEWA? SAURARON WAƘAR DA BA A JIN HARSHENTA

 

Kwanan baya wani dattijo mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya tare mu da wata tambaya wadda muka ga ya kamata mu kawo ta wannan fili, domin mun tabbata ba shi kaɗai ta shafa ba. Ya ce shekararsa fiye da arba'in yana sauraron waƙoƙin Indiya, tun zamanin faifan garmaho da kaset har zuwa yau da ake zuba su a waya, amma ko kalma goma ta harshen bai sani ba. Duk da haka ya haddace da yawa, har yakan tsinci bakinsa yana rera su yana auna yadi. To, sai wani jikansa da ya yi karatu a can ya dawo, ya ji shi yana rera wadda ya fi so, ya ce masa, “Baba, ai wannan roƙon abin bautar Hindu ne.” Tun daga ran nan hankalinsa bai kwanta ba. Ya ce mana, “Malam, ni yanzu ina matsayina?”

Kafin mu taɓa amsa, ya kamata a san cewa jin daɗin sautin da ba a gane ma'anarsa ba baƙon abu ba ne, malamai kuma sun daɗe da yin magana a kansa. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 ta Hijira, watau 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan ladubban sauraro. A ciki ya kawo misalin jariri a shimfiɗa, wanda murya mai daɗi kan sa ya bar kuka alhali bai san ko harafi ɗaya ba, da kuma raƙumi, wanda waƙar mai kora kan sa ya manta da nauyin kaya ya miƙa wuya ya ƙara sauri. A wurinsa wannan shi ne mataki na ƙasa a sauraro, inda ɗabi'a kaɗai ke aiki, tun da dabba ma ta yi tarayya da mutum a cikinsa, amma bai haramta shi ba. Ya kuma ba da labarin wani Bafarishe da ya ji ana rera baitin Larabci shauƙi ya kama shi. Mai baitin cewa yake masoyi bai ziyarce shi ba sai a mafarki, shi kuwa Bafarishen kalmomin sun yi masa kama da wasu na harshensu masu nufin mun kusa halaka, sai ya tuna lahira. Watau kunne kan tsinci abin da yake so, zuciya kuma ta ɗora masa fassarar da ta ga dama.

Mu ma Hausawa haka muke yi. Finafinan Indiya sun shigo Arewa ne ta hannun Kwarori masu gidajen sinima tun wajen shekarun 1950, aka yi ta nuna su a Kano a gidaje irin su Rex da Palace da Plaza da Marhaba, waɗanda yawancinsu yau sai labari. Galibin masu kallo ba su jin harshen, amma sun bi labarin sarai, har suka raɗa wa 'yan wasan sunayen Hausa, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Fim ɗin Mother India na 1957 kuwa, akwai tsofaffin da ba za su iya ƙirga sau nawa suka kalle shi ba. Wani abin da ya ƙara jawo kunnenmu shi ne harshen waƙoƙin cike yake da kalmomin Urdu waɗanda asalinsu Larabci ne, mu ma daga can muka aro namu. Mutum yana zaune sai ya ji an ce duniya, ko muhabba, ko kitab, ko zalim, ko ƙiyama, sai ya ji kamar da shi ake.

A nan ne fa ake ruɗuwa. Kalmar da ka sani ba ita ce ke nuna maka inda magana ta dosa ba. Mawaƙan Urdu sun saba ɗaukar kalmomin ibada su kai su fagen soyayya, sai ka ji sajada, ka ji ibada, ka zaci wa'azi ne, alhali saurayi ne yake gaya wa budurwa ita ce alƙiblarsa. Haka kuma sunan mawaƙi ba ya zama hujja, ga kuma misali wanda duk mai bin tarihin finafinan nan ya sani.

A cikin fim ɗin Baiju Bawra na 1952 akwai wata shahararriyar waƙa ta begen Hari, ɗaya daga sunayen abin bautar Hindu, wadda mabiya addinin nan suka riƙe ta waƙar ibada har yau. Wanda ya rubuta ta Shakil Badayuni ne, wanda ya tsara kiɗanta Naushad, wanda ya rera ta kuwa Muhammad Rafi, wanda ya rasu a 1980. Dukansu uku Musulmi ne, sana'a ce ta kai su. Bayan shekara takwas, a 1960, Shakil da Naushad ɗin nan suka sake haɗuwa a fim ɗin Mughal-e-Azam, mai ba da labarin fadar Sarki Akbar. A cikinsa akwai wata waƙa da baiwar nan Anarkali ke yi tana ɗaure da sarƙa a kurkuku, tana kai kukanta ga Ma'aikin Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana kiransa shugaban Madina. Muryar da ta rera ta kuwa ta Lata Mangeshkar ce, wadda ta rayu ta kuma rasu a 2022 a kan addinin Hindu. Har wa yau a cikin fim ɗin, da muryar nan tata, akwai wata waƙar da ake yi a bikin haihuwar Kirishna.

To, jama'a, a duba wannan. Fim ɗaya, murya ɗaya, mai kiɗa ɗaya, amma waƙa ɗaya tana fuskantar Madina, ɗaya tana fuskantar wani wuri dabam. Bahaushen da ke zaune a benci a sinima, wanda ya ce zai bi Rafi don sunansa Muhammadu ya guje wa Lata don ba Musulma ba ce, sai ya faɗa wa abin da yake gudu ya bar abin da yake nema. Kunne ba ya iya rarrabe wannan komai ƙwarewarsa, sai dai a tambaya.

Tambayar nan kuwa tana da asali. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a masallacin Madina, Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana kallo daga bayan Manzon Allah. Imam Ahmad kuma ya ruwaito daga Anas cewa Habashawan suna rausaya a gabansa suna faɗin wata magana da harshensu, sai ya tambayi abin da suke cewa, aka gaya masa suna cewa ne shi bawan Allah ne na kirki. Abin lura a nan, bai kore su don harshensu baƙo ne ba, bai kuma bar maganar ta wuce ba tare da ya nemi sanin ma'anarta ba. Irin wannan ne ya faru game da tawada da tofi, inda Muslim ya ruwaito cewa sahabbai sun tambaye shi a kan tofin da suke yi tun zamanin jahiliyya, ya ce su kawo masa ya ji, ya kuma halatta wanda babu shirka a cikinsa. Daga nan ne malamai suka ƙi a yi tofi da kalmomin da ba a san ma'anarsu ba, don gudun kada a faɗi kafirci ba a sani ba.

Kada wani ya ɗauka mun warware hukuncin kiɗa da waƙa baki ɗaya. Wannan tsohon saɓani ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda aka karantar da mu a zaure, ta hana sauraron kayan kiɗa da waƙa da gangan, mafi yawan malaman mazhabobi kuma sun tsananta a kan kayan kiɗa, alhali Ibn Hazm na Andalus da Gazali sun sassauta da sharuɗɗa. Wanda ya bi masu hani ya huta, wannan magana ba ta dame shi ba. Muna magana ne da ɗimbin jama'ar da muka san suna saurare, a shago, a ofis, a mota kan hanyar Zariya, waɗanda ko mun yi shiru ba za su kashe rediyo ba. Su ne muke gaya wa cewa ko malaman da suka sassauta, sharaɗinsu na farko shi ne maganar da ke cikin waƙar ta zama mai tsabta. Mutum kuwa ba ya cika sharaɗin da bai san ko ya cika ba.

Akwai kuma bambanci tsakanin kunne da harshe. Abin da ya faɗo kunnen mutum a kasuwa daban, abin da ya ɗauka ya haddace ya riƙa maimaitawa da bakinsa, 'ya'yansa suna koya, daban. Abin da muka gaya wa dattijon nan shi ne, iyakar fahimtarmu, abin da ya wuce ba ya taɓa imaninsa, domin ayyuka da niyya suke, shi kuwa bai taɓa ƙudurta kiran wani ba Allah ba, an kuma ɗauke wa al'ummar nan kuskure da mantuwa. Amma yanzu da ya sani, wannan waƙar ta fita daga bakinsa. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, “Sauran fa? Sun fi ɗari.” Muka ce ai Allah ya kawo masa mai fassara har gida.

Kada kuma a zaci maganar ta tsaya a kan Indiya. Mu da kanmu mun taɓa shiga wani shago a Jidda tare da wasu alhazai, ana sa waƙar Ummu Kulsum, mawaƙiyar Masar da ta rasu a 1975, sai muka ga wani daga cikinmu ya sunkuyar da kai yana salati. Ita kuwa waƙar ta wata ce da masoyi ya guje wa. Gaskiya ne Ummu Kulsum ta rera Nahjul Burda ta Ahmad Shauƙi, wadda yabon Annabi ce, amma mafi yawan waƙoƙinta na soyayya ne. Mun taso muna ganin duk abin da aka faɗa da Larabci addini ne, mun manta da cewa da Larabci ake ciniki, da shi ake zagi, da shi ake zance. Haka waƙoƙin Sudan da iyayenmu mata ke so a biki, waɗanda karinsu ya yi kusa da namu ƙwarai.

Ta ɗaya gefen kuma, ga tsofaffinmu da ke zama a bayan masu karatun Ishiriniya ta Alfazazi ko Burda ta Busiri a watan Mauludi, hawaye na zuba, alhali da yawansu ba za su iya fassara baiti ɗaya ba. Ba mu ga laifinsu ba, domin sun san wanda ake yabo, sun kuma san malaman da suka miƙo musu littafin hannu da hannu. Duk da haka malamanmu ba su bar su a nan ba, shi ya sa ake bin baitocin da fassarar Hausa a majalisi, kuma duk wanda ya taɓa zama ya san kukan da ake yi bayan fassara ya fi na kafinta.

Wani abin da ya fito daga wannan sha'awa ta kunne shi ne abin da samarin Kano masu bandiri suka yi daga wajen ƙarshen shekarun 1980, musamman ƙungiyar da aka sani da Ushaƙu Indiya. Su sai suka ɗauki karin waƙoƙin finafinai, suka zubar da kalmomin, suka ɗora yabon Annabi da Hausa. Hujjarsu ita ce tun da karin ya riga ya kama zukatan matasa, gara a juya shi zuwa ga alheri. Wasu malamai suka ce a'a, wanda ya san fim ɗin, da ya ji karin, rawar da aka yi a fim ɗin ce za ta faɗo masa a rai ko da baki yana salati. Mu dai muna ganin maganar malaman nan tana da ƙarfi a kan wanda ya kalli fim ɗin, tana da rauni a kan yaron da bai taɓa ganinsa ba, shi kuwa bandiri ba ya zaɓen wanda zai ji shi.

Yau neman ma'ana ya yi sauƙin da bai taɓa yi ba. Dā sai wasu 'yan tsirarun samari da suka koyi harshen daga kallo, suna fassara waƙoƙin a rediyo da ƙananan littattafai. Yanzu ɗalibanmu da yawa sun yi karatu a Indiya da Masar da Sudan sun dawo, ana juya finafinan zuwa Hausa, wayar da ake sauraron waƙar da ita kuma tana iya kawo fassararta, ko da yake fassarar na'ura takan yi tuntuɓe a kan waƙa, gara a haɗa da mutum.

Mun sake bi ta Kwari bayan mako biyu. Dattijon ya ce sun zauna da jikan nasa dare uku suna bi ɗaya ɗaya. An sami huɗu na bauta, ya sa an goge su. An sami wasu da ya ce da ya san abin da suke faɗa da bai taɓa sa su a gaban surukansa ba. Mafi yawa kuwa, in ji shi, kukan rabuwa ne da begen uwa da ƙorafin talauci. Akwai wata guda da ya shekara talatin yana sawa in ya yi ciniki mai kyau, don a jinsa waƙar murna ce, ashe wani ne ke yi wa ƙanwarsa ban kwana ranar da za a kai ta gidan miji. Ya ce wannan ya bar ta, sai dai yanzu ba ya iya sa ta a shago.