Hatimin roba da furen bado: Yadda ake haɗa katin gaisuwa da hannu

Tun da WhatsApp ya karɓe gaisuwar Sallah, katin takarda ya ja baya a Birnin Kebbi, kamar yadda ya ja a sauran biranen Arewa. Abin da ya rage masa shi ne gayyatar ɗaurin aure da walima, nan ma maɗaba'a ta fi son aiki mai yawa. Ɗalibar da ke zaune a Gesse, wadda kati ashirin kacal take buƙata don gaishe da malamanta, sai dai ta biya kuɗin da ya zarce buƙatarta ko ta haƙura. A irin wannan hali ne hatimin roba ke da rana.

Hatimi ba baƙo ba ne a ƙasar Kabi da Gwandu, domin da shi sarakuna da alƙalai suka saba tabbatar da wasiƙunsu. Na roba ya samu ne bayan 1844, shekarar da Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba da farar wuta a Amurka. Shekara guda kafin nan aka buga katin Kirsimeti na sayarwa na farko a Landan, bisa umarnin Henry Cole.

Masu yi wa ofisoshi da makarantu hatimi na iya sassaƙa fure idan aka kai musu zane. Wanda ba shi da hali kuwa, babbar robar goge fensir da reza sun ishe shi. Ana zana furen a takarda da fensir, a kifa shi kan robar a murza da farce har zanen ya hau, sannan a yanke duk inda ba a son tawada ta taɓa. Hikimar kifawar ita ce hatimi na juya komai kamar madubi. Fure ba ya damuwa da wannan, amma "Barka da Sallah" da aka sassaƙa a miƙe zai fito a birkice, da boko ne ko da ajami.

Wajen bugawa ne aka fi yin ɓarna. Ana ɗan tattaɓa hatimin kan soson tawada, a ɗora shi kan kwali mai kauri, a danna sau ɗaya, a ɗaga a tsaye. Girgiza shi na haifar da inuwa a gefen ganye. Idan ana son fure ɗaya ya leƙo daga bayan wani, sai a rufe na farkon da 'yar takardar da aka yanke daidai siffarsa kafin a buga na biyu. Mai niyyar shafa launin ruwa daga baya ya nemi tawadar da ba ta narkewa, in ba haka ba layukan za su dame.

Babu dalilin kwaikwayon furen wardin katunan Turai alhali bado na nan a fadamar Rima. Ganyen furensa dogaye ne masu tsini, sun fi na wardi sauƙin yanka, kuma baƙon da ya halarci bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, zai gane shi nan take.

Sai dai yanayin yankin ba ya raga wa kayan aikin. Iskar hunturu na busar da soson tawada idan aka bar shi a buɗe, zafin bazara da ke haura digiri 40 kuma na sa roba ta tsage. Shi ya sa ake goge hatimi da ɗanyen tsumma bayan aiki, a adana shi cikin gwangwani a inuwa.