Gigin tsufa a Damargu: mai jinya ma tana bukatar numfasawa

Ƴan uwa mazauna Damargu, daga Tanut zuwa Gangara, daga Olelewa zuwa Belbeji, kun san yadda garuruwanmu suke da zarar hatsi ya shiga rumbu. Samari su ɗaure kaya. Wasu su nufi Agadas da Libiya, wasu Aljeriya, wasu su gangara Kano. Ci-rani ke nan. Yau waɗanda aka bari a gida za mu duba.

A wasu gidajen akwai tsohon da gigin tsufa ya kama. Ya ci tuwo yanzu, ya ce ba a ba shi ba. Ya kira ƴarsa da sunan ƙanwarsa da ta rasu tun farin 1973. Cikin dare ya ɗauki hauya ya ce zai tafi gona. Mai tare shi a bakin ƙofa sau da yawa matarsa ce. Ita ma ta ba shekara 60 baya, gwiwa na ciwo, ido ya rage gani. Kowa ya shigo gidan jikin mai gida yake tambaya. Ita ba a cika tambayar nata ba.

Mu fara gyara zance guda. Gigin tsufa ba maita ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma tsiwa ba ce. Ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa tun 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a 2021 mutum miliyan 57 ke ɗauke da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Ta ce kuma kashi 70 cikin 100 na awoyin jinyarsu mata ne ke yi. Har yanzu ba a samu maganin da ke warkar da shi ba. Saboda haka jinyar ta shekaru ce.

To, me muke faɗa wa mai jinya? "Sai haƙuri." Gaskiya ne, kuma haƙuri abu ne mai daraja. Amma akwai haƙurin da haɗiya ce kawai. Ta haɗiye fushi, ta haɗiye kuka, ta haɗiye kunyar abin da maƙwabta ke faɗa. Barci ya ƙaurace, kai ya riƙa sarawa, abinci ya fita ranta. Wata rana ta daka wa tsohon tsawa, sannan ta kwana tana zargin kanta. Tukunyar da aka rufe bakinta a kan wuta, kowa ya san ƙarshenta.

Akwai wata dabara da likitoci ke koyarwa a wasu ƙasashe, mu kira ta horon natsuwa. Ma'anarta mutum ya tattara hankalinsa a kan abin da yake ciki yanzu, ya bar tuhumar kansa. Wani malami mai suna Jon Kabat-Zinn ya tsara ta a 1979, a asibitin jami'ar Masacusets ta Amurka, domin masu ciwon da ya daɗe. Tsarin na mako 8 ne. Ana taruwa sau ɗaya a mako, kowa kuma ya yi na minti 45 kullum a gida.

An gwada ta a kan masu jinyar gigin tsufa. A wani bincike da aka buga a 2013, an ɗauki masu jinya 78 a jihar Minesota, aka raba su gida biyu. Rabi suka koyi natsuwa, rabi suka riƙa taruwa ana yi masu bayanin ciwon suna tattauna damuwarsu. Masu natsuwa sun fi samun sauƙin matsi da baƙin ciki. Amma ku lura da wannan: duka ɓangarorin biyu fargabarsu ta ragu, nauyin jinya ya yi masu sauƙi. Ashe zama da ƴan uwa a fitar da abin da ke rai shi ma magani ne. A 2018 masana suka haɗa gwaje-gwaje 5 masu mutum 201, suka ce da alamar amfani na ɗan lokaci, sai dai hujjar ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Don haka kada wani ya sayar maku da ita kamar maganin kasuwa mai warkar da cuta 99.

Minti 45 kuwa, mace mai jinya a ƙauyen Tarka ina za ta same su? Ga daka, ga itace, ga rijiyoyin Damargu masu zurfi. Minti 10 ya isa farawa, kuma ba ya cin ko dala.

Uwar gida, ga yadda ake yi. Ki zaɓi lokacin da tsohon ke barci. Bayan sallar asuba ya fi, kafin ki tashi daga tabarma, tunda jikinki ya saba zama da carbi a wannan lokacin. Ki miƙe baya, ki ɗora hannu a ciki. Ki ji yadda cikin ke tashi in iska ta shiga, yana sauka in ta fita. Ki ƙirga daga 1 zuwa 10, ki sake. Kafin ki kai 4 hankali zai gudu, ya tafi wajen ɗan da bai aiko kuɗi ba, ko buhun hatsin da ya kusa ƙarewa. Wannan ba kasawa ba ce. Hankali kamar ɗan akuya yake: ya fita, ki jawo shi ba duka, ya sake fita, ki sake jawowa. Jawowar ita ce horon. Da dare kuma, in kin kwanta, ki bi jikinki da hankali tun daga yatsun ƙafa har kai. Inda kika ji ɗaurewa, kafaɗa ko muƙamuƙi, ki saki.

Amfanin abin sai sa'ad da ya tambaye ki abu guda karo na goma, ko ya ce kin sace mashi kuɗi. Kafin ki buɗe baki, ki ji tafin ƙafarki a ƙasa, ki ja numfashi uku. Ki ce a ranki: "Ga fushi ya zo." Sannan ki amsa. Gardama ba ta dawo mashi da abin da ya manta, sai dai ta ƙara harzuƙa shi. In ya ce zai tafi gona, ki ce: "To Malam, sha fura tukuna." Masu wannan ciwo sukan fi ruɗewa wajen magariba, saboda haka ki ajiye sauran ƙarfinki don wannan lokacin.

Ku kuma maza da ƴaƴa, kada ku karanta wannan ku ce an samu dabara, inna ta je ta yi ta numfashi. Numfashi ba ya jan guga, ba ya wanke zanen da aka ɓata. Kafin a tafi ci-rani a zauna a raba kwana: wa zai tsare baba ranar kasuwa, wa zai kwana kusa da ƙofa. Matan da ke wannan jinya a gari ɗaya su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako, su yi minti goman tare, su yi hira.

In tsoho ya ruɗe farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ce gigi ne ya ƙaru. Yana iya zama zazzaɓi, ko ciwon fitsari, ko ƙarancin ruwa a jiki lokacin bazara, kuma waɗannan suna da magani. A kai shi gidan likita mafi kusa. In majo ya ga abin ya fi ƙarfinsa, zai tura ku Tanut ko babban asibitin Damagaram. In an je, a sa ita ma mai jinyar ta miƙa hannu a auna jininta.