Eriyar Ƙona Ƙarin Hanta: Bayani Ga Al'ummar Yankin Funtua Da Malumfashi

Yawancin jama'armu sun san eriya a jikin rediyo ko a bisa rufin gida. To, akwai wata irin eriya da likitoci ke sokawa cikin jikin ɗan Adam domin ƙona ƙari, musamman na ciwon dajin hanta. Mun ga ya dace mu yi bayaninta, domin yadda aka ƙera ta yana ɗauke da darasi ga manomanmu.

Yadda Take Aiki

Eriyar siririyar allura ce, kaurinta kimanin milimita 2 ne. Likita yakan bi hoton ciki ya kai bakinta tsakiyar ƙarin, sannan na'ura ta sako igiyoyin maikirowef, irin waɗanda ke ɗumama abinci, masu kaɗawa sau biliyan 2.45 ko miliyan 915 a daƙiƙa guda. Igiyoyin suna girgiza ruwan da ke cikin tsoka har ya yi zafi. Da zarar zafin ya haura digiri 60, ƙwayoyin ƙarin sun mutu. Ƙonawar takan ɗauki 'yan mintoci ne kawai. Wani likitan tiyata na Japan, Katsuyoshi Tabuse, ya bayyana amfani da wannan zafi a aikin hanta tun 1979.

Wahalar Ƙera Ta

Abin da injiniyoyi ke nema shi ne ƙuna ta fito a mulmule kamar ƙwallo. Sai dai zafi yakan bi jikin allurar ya koma baya, ƙunar ta zama kamar ludayi mai mariƙi, ta taɓa lafiyayyar tsoka har ma da fata. Saboda haka ake sanya ɗan zoben ƙarfe kusa da bakin allurar domin tare igiyoyin, kuma ake zagaya ruwan sanyi a cikinta. Haka kuma, idan tsoka ta bushe da zafi, takan mayar da wani sashe na ƙarfin cikin wayar. Ga shi kuma ƙara ƙarfi yana neman allura mai kauri, alhali jikin majinyaci siririya yake so.

Waɗannan dalilai su suka sa ƙunar eriya ɗaya take da iyaka. Tilas ta rufe ƙarin duka, ta haɗa da kimanin rabin santimita zuwa santimita 1 na gefensa. Don haka an fi samun nasara a kan ƙarin da bai wuce santimita 3 ba, wato kamar girman goro guda. Ƙari mai wannan girma kuwa galibi ba ya ciwo. Wanda ya jira har cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, sau da yawa ya wuce wannan dama.

Abin Da Ya Shafe Mu

Manyan abubuwa biyu da ke jawo ciwon dajin hanta a ƙasashenmu su ne ciwon hanta nau'in B, da gubar afulatoksin da ke fitowa daga funfunar masara da gyaɗa. Idan suka haɗu a jikin mutum ɗaya, haɗarin yakan ninka. Yankinmu kuwa, daga Dandume zuwa Bakori, Danja da Kafur, gidan masara ne.

Saboda haka muna kira ga manoma da su busar da amfanin gona sarai a kan tamfol kafin zubawa a rumbu ko buhu, su kuma tsince ruɓaɓɓen. Iyaye su kai jarirai rigakafin ciwon hanta cikin awa 24 da haihuwa. Allurar tana cikin jadawalin rigakafin Nijeriya tun 2004. Manya su je babban asibitin Funtua ko na Malumfashi a gwada jininsu. Wanda aka samu da cutar ya nemi shawarar likita kan hoton hanta, wanda ake yi wa masu haɗari duk bayan wata 6. Idan an ga wani abu, akan tura majinyaci asibitin koyarwa, kamar na Shika ko na Katsina, inda ƙwararru za su zaɓi maganin da ya dace.

Muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai da malaman gona da su isar da wannan saƙo lungu-lungu. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.