Awon Zance ga Masu Lalurar Magana: Matsayin Hausa a Asibitocin Abuja

1.0 Gabatarwa

Tun 1861 da Paul Broca ya danganta rasa magana da raunin wani sashe na hagun ƙwaƙwalwa, masana ke neman hanyar auna abin da ya rage wa majinyaci na harshe. Wannan maƙala ta dubi awon zance, wato magana mai tsawo da ta wuce kalma ko jimla guda, ga Bahaushen da lalurar afasiya ta kama bayan shanyewar ɓarin jiki.

2.0 Ma'aunan da Ake da Su

Fitaccen ma'auni shi ne na Boston, wanda Goodglass da Kaplan suka fitar a 1972. Ana nuna wa majinyaci hoton wani ɗakin girki na Amurka, inda yaro ke satar biskit, ruwa na malala, a ce ya bayyana. A 1993 Nicholas da Brookshire suka kawo tsarin ƙidaya kalmomin da suka isar da saƙo daidai. Duka biyun an gina su ne bisa Ingilishi.

3.0 Matsalolin Hausa

Na farko, karin sauti da tsawon wasali ke bambanta ma'ana: "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, "gari" na zama da "gari" na tuwo. Na biyu, jerin labari a Hausa yana tafiya ne kan shuɗaɗɗen lokaci na biyu, "sai suka tafi". Wanda lamirai suka kuɓuce wa ya rasa zaren labarin baki ɗaya. Na uku, gaisuwa haddatacciya ce, takan tsira ko da sauran magana ta lalace, don haka mai amsa gaisuwa tiryan-tiryan yana iya ɓatar da mai awo. Na huɗu, matar da ta ƙi ambaton sunan ɗan farinta alkunya ta yi, kada a rubuta mata mantuwar suna.

4.0 Kammalawa

A Babban Asibitin Ƙasa da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada akan haɗu da masu jin Gbagyi da Hausa da Ingilishi a lokaci guda, kuma lalurar ba lallai ta taɓa harsunan daidai wa daida ba. Kuskuren awo kan kai ga kuskuren jinya. Ya kamata masana harshe su haɗa hannu da hukumar da Doka ta 38 ta 1988 ta ɗora wa rajistar masu gyaran magana, a samar da ma'aunin Hausa bisa tatsuniya, bayanin tuƙa tuwo, da hira ta yau da kullum.