Me Ake Koyarwa a Makarantar Fada?

A garuruwa da yawa na Arewa akwai makarantar firamare ta 'yan ɗarikar Katolika. Mutanen ƙauye sukan ce da ita makarantar Fada, domin limaminsu Fada ake ce masa. Wani uba yana so ya sa ɗansa, amma yana tsoro kada yaro ya dawo gida da addinin da ba na gidansu ba. Wani kuwa ya ji an ce can aka fi koyar da Turanci. To, bari mu duba abin da yaro yake yi a cikin aji tun daga safe har a tashi.

Da fari sai ku san asalinsu. A cikin shekarar 1907 waɗansu Fada uku suka sauka a Shendam, cikin ƙasar Filato. 'Yan wata ƙungiya ce da aka kafa a birnin Liyon na Faransa a 1856. A zamanin Turawa ba a yarda 'yan mishan su shiga biranen sarakunan Musulmi yadda suka ga dama ba. Don haka makarantunsu suka fi yawa a ƙasashen da ba na Musulmi ba, da kuma unguwannin sabon gari. Bayan 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓe da yawa daga cikinsu. Waɗanda ke hannun coci yanzu, galibi sai an biya kuɗi.

Mafi yawan abin da ake koyarwa ba Fada ne ya tsara shi ba. Gwamnati tana da hukuma a Sheda, kusa da Abuja, wadda ke rubuta manhaja, watau jerin darussan da kowane aji zai yi. Makarantar gwamnati da ta coci duk ita suke bi. Karatun firamare shekara 6 ne, kowace shekara kuma zango 3. Kafin haka, a shekarun 1950 da 1960, shekara 7 ake yi a Arewa: 4 a ƙaramar firamare, 3 a babba.

A aji ɗaya abin da ku kuke yi a nan shi yaro yake yi. Ya koyi baƙaƙe, ya haɗa su su zama kalma, ya riƙe fensir har hannunsa ya faɗa. Ya ƙirga da tsakuwa ko karan dawa kafin ya rubuta lamba. Tarawa da ɗebewa ne farko, sa'an nan sau da rabawa. Kada ku raina wannan. Yaron da ya wuce aji uku bai iya karatu sosai ba, sauran darussa duka za su yi masa nauyi, gama kowannensu a littafi yake.

In ya yi gaba sai a ƙara masa kimiyya: yadda iri ke tsira, dalilin da ya sa ruwan kududdufi ke kawo ciwo, yadda sauro ke ɗauko zazzaɓi daga jikin wani ya kai wa wani. Akwai labarin ƙasa da zaman jama'a, da noma, da zane, da wasan motsa jiki. Inda akwai lantarki har kwamfuta ake nuna musu.

Saura maganar addini, wadda ita ce ta bambanta makarantar Fada da sauran. Da addu'a ake buɗe makaranta da safe. Akwai darasin da ake kira katikisim, tambaya da amsa ne, malam ya tambaya yara su amsa da ka. A ciki suke koyon Dokoki Goma, da addu'o'i, da labarun Littafi Mai Tsarki. 'Ya'yan Katolika kuma ana shirya su don karɓar gurasa mai tsarki karo na farko. Tun 1910 Paparoma Piyus na 10 ya ce yaro mai kamar shekara 7 ya isa karɓa, in ya san abin da yake yi. Wani lokaci akan kai yara coci a ranar makaranta.

To, ɗan Musulmi fa? Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 38, ya ce ba za a tilasta wa ɗan makaranta darasi ko ibada na addinin da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Amma wannan sashe ya kuma ba coci damar koya wa 'ya'yanta addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Saboda haka addu'a da katikisim suna nan, ba za a daina ba. Kuma ba kowace makarantar Fada ce ke da malamin addinin Musulunci ba, ko da yake darasin yana cikin manhajar gwamnati.

Uban da ke shawara ya tafi wurin hedimasta da kansa, kada ya aika. Ya ce a nuna masa takardar da aka rubuta darussan mako, ya karanta da idonsa, tun da yanzu ya iya. Ya tambayi inda yaran da ba Katolika ba ke zama lokacin katikisim, da ko ana sakin 'ya'yan Musulmi da wuri ran Jumma'a, da kuma kuɗin zango nawa ne har da na littattafai.