Ƙasar Tudun Wada: Abin Da Mai Lambu Ya Kamata Ya Sani

Duk wanda ya taɓa haƙa rami a unguwar Tudun Wada da ke Ƙaramar Hukumar Nassarawa a Kano, ko don dasa itace ko don aza harsashin gini, ya san halin ƙasar wurin. Samanta rairayi ne mai laushi, ja-ja, wanda in an zuba masa ruwa nan take yake shanyewa. In aka nitsa ƙasa sai a tarar da jar ƙasa mai ɗan danƙo, a wasu wuraren ma a ci karo da marmara. Irin wannan ƙasa ce manoma ke kira jigawa, saɓanin fadama mai baƙar laka da ke riƙe ruwa.

Asalin wannan rairayi daga arewa yake. Dubban shekaru da suka wuce, lokacin da yankin ya fi yanzu bushewa, iska ta kwaso shi ta shimfiɗa a kan tsohon dutsen da ke ƙarƙashin Kano. Har yau ma aikin iskar bai ƙare ba, domin hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi yana sauke ƙura a gonaki kowace shekara, ɗauke da ɗan sinadarin da shuka ke amfana da shi.

Abin da ya bambanta jigawa da fadama shi ne girman ƙwayoyin ƙasar. Ƙwayar yashi tana tsakanin milimita 0.05 da milimita 2, ta laka kuwa ba ta kai milimita 0.002 ba. Da yake ƙwayoyin yashi manya ne, akwai kafofi masu faɗi a tsakaninsu, sai ruwa ya zarce ƙasa, ya tafi da abincin shuka. Wannan ne ya sa jigawa ke da sauƙin huɗa, take kuma karɓar gero, gyaɗa da wake, amma take ƙarancin naitirojin da fosfaras. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi da ke cikinta sau da yawa ba sa kai kashi 1 cikin 100.

To, yaya aka yi manoman kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba? Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya bi diddigin wannan tun shekarun 1960. Ya nuna cewa sirrin yana cikin taki. A wancan lokacin jakuna kan shigo birni da itacen girki, su koma ƙauye da mangalar taki da toka da shara. Bugu da ƙari, manomi kan haɗa gero da wake a gona ɗaya, wake kuwa yana da ƙananan ƙulle-ƙulle a saiwarsa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama naitirojin daga iska. Itacen gawo ma yana ba da nasa taimako, domin da damina yake zubar da ganye. Wato dai albarkar ƙasar Kano ta dogara ne ga abin da ake mayar mata.

A nan ne mai lambun birni yake bukatar lura. Sharar da ta zama taki a da, ta ƙunshi toka, ganye da kashin awaki. Bolar yau kuwa cike take da leda, fasassun kwalabe da matattun batura. Haka nan batun ruwa. Tudun Wada na maƙwabtaka da unguwar masana'antu ta Bompai, kuma rafin Getsi da ke kwashe ruwan wannan yanki yana zubawa a Jakara. Binciken da aka yi a lambunan da ake shayarwa da ruwan waɗannan rafuka ya gano ƙarafa masu guba, irin su kuromiyam, kadmiyam da dalma. Waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna taruwa a ƙasa, kayan lambu masu ganye kamar latas da alayyafo su zuƙa, daga nan su shiga jikin mai ci.

Ɗalibai na iya gwada ƙasar makarantarsu da kansu. A zuba ƙasa a kwalba har kashi ɗaya cikin uku, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, laka kuwa sai ta kwana ko fiye. Kaurin kowane hawa shi zai nuna irin ƙasar.

In yashi ya fi yawa, maganinsa ruɓaɓɓen taki mai tsabta, da rufe kwami da busasshiyar ciyawa don rage ƙafewar ruwa, da ban ruwa kaɗan-kaɗan safe da yamma. Wanda zai shuka abin da za a ci ɗanye kuwa, ya nemi ruwan rijiya ko na famfo, ya nisanci na kwata.